Mai Zare da Fayil ɗin Barguna

Idan ka shiga ginin hukumar birni ta ƙofar gaba, babu abin da zai gaya maka akwai mutane a ƙarƙashin ƙafarka. Sai ka bi ta bayan teburin masu karɓar baƙi, ka wuce banɗakunan ma'aikata kana toshe hanci, ka sauka matakala goma sha bakwai, sannan ka iso ma'ajiyar takardun birni. Nan ake tara duk abin da birnin ya taɓa rubutawa game da kansa: taswirar unguwanni, rajistar haihuwa da mutuwa, bayanan zaman majalisa, da fayil ɗin kowane ma'aikaci tun daga mai shara har shugaba. Nan ne kuma Mai Zare ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗinki.

Kada ka kuskura ka ce mata tela, ba ta son wannan kalmar. Aikinta ɗinke fayil. Takardu za su sauko daga ofisoshin sama a hargitse, wasu da fil mai tsatsa, wasu da shatin gindin kofin shayi, wasu a cukuikuye kamar za a hura wuta da su. Ita za ta cire fil ɗin, ta miƙar da gefen da ya lanƙwashe, ta jera su bisa kwanan wata, ta kifa su a kan teburinta ɗaya bayan ɗaya, fuska a ƙasa. In sun cika sai ta huda su wuri uku da basilla, ta zura zaren da ta goga wa kaki, ta ɗaure a baya. Basillar ta mahaifinta ce, mai gyaran takalma a bakin tashar mota, wanda ya koya mata riƙe ta tun tana 'yar shekara tara saboda bai sami ɗa namiji da wuri ba. Yakan ce ɗinkin da aka ga ƙullinsa ba ɗinki ba ne, ɗaurin kaya ne. Sunanta na yanka kuwa ya ɓace a ofishin tun shekarar farko. Har takardar hutunta wani magatakarda ya taɓa rubuta wa “Mai Zare”, aka kuma sa hannu a haka.

Mace ce mai ƙyanƙyami, kuma ba ta ɓoyewa. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne mutum ya lashi yatsa ya buɗe shafi. Ta ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin murfin kwalba saboda masu wannan hali, kuma ba ta duba girman kujerar mutum kafin ta tura masa shi. Wani babban lauya ya taɓa zuwa neman taswira, ya kai yatsa baki ke nan sai ya ji muryarta daga bayan tebur: “Yallaɓai, takardar nan ta girmi mahaifinka, ba ta roƙi yawunka ba.” A gida ma haka take. 'Ya'yanta huɗu sun tashi suna wanke hannu kafin su taɓa littafin makaranta. Maigidanta, tsohon direban bas, yakan ce da ya sani da a takarda ya zo duniya, ko ya sami irin lallaɓawar da fayil yake samu. Ita kuma ta ce masa ai fayil ba ya minshari.

Da yake takarda a kife take zuwa gabanta, Mai Zare ta san abin da masu digirin da ke sama ba su sani ba. A wurin magatakardan da, fuskar takarda ta jama'a ce, bayanta na ofis. A fuska ake buga wasiƙa da tafireta a sa hatimi. Amma abin da aka yanke daga baya, ko aka gano, ko aka soke, a bayan takardar ake rubuta shi da hannu, ƙananan ma'aikata da fensir, shugaban sashe da jar tawada. Sai ka ga fuska ta ce a rushe, baya ya ce an fasa. Fuska ta ce fili na wane ne, baya ya ce an yi kuskuren lamba, na maƙwabcinsa ne. Wanda ya karanta fuska kaɗai rabin magana ya ji, kuma sau da yawa rabin da aka janye ne.

Bara waccan aka kawo sabon Darakta, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli, wanda sau biyu rak ya taɓa sauka matakalar nan, na biyun ma don a ɗauke shi hoto ne. Shi ya kawo kamfanin da zai ɗauki hoton takardun kaf a zuba su cikin kwamfuta. Mai Zare ba ta ƙi ba. Ta ga ɓarnar da gara ta yi wa rajistar haihuwa ta shekara biyar, ta san takarda ba ƙarfe ba ce. Ita ta share musu wuri, har wayar wuta ta kawo musu daga gidanta da tasu ta gaza tsawo.

Mai jagorantar aikin wani mutum ne da kowa ke kira Injiniya, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin abin da ya ƙera. Tun ranar farko ta ga yadda yake yi. Ya sa reza ya datse zaren, ya fizge bangon, ya tura takardun cikin bakin injin, injin ya haɗiye ya amayar ta ɗaya gefen. Tana tsaye tana kallon ɗinkin hannunta yana zuba a ƙasa guntu-guntu. Ta daure, ta ce ai don gyara ne. Sai da ta leƙa allon kwamfutar ne hankalinta ya tashi.

Ta ce, “Injiniya, bayan takardar fa?”

“Wane baya, Mama?”

“Na ga fuska kaɗai ke fitowa.”

“Ai bayan babu komai.”

Ta zaro takarda ɗaya daga cikin waɗanda injin ya tofar, ta kifa ta a gabansa. Jan rubutu ne layi huɗu, da sa hannu. Ya dube shi a ɗage.

“Mama, injin nan shafi sittin yake ci a minti ɗaya. In muka ce gaba da baya, sai mu kai baɗi a cikin ramin nan, kuma wata huɗu aka ba mu. Wannan rubutun tsutsar ma wa zai iya karanta shi?”

“Ni ina karantawa.”

“To ai shi ke nan, ga ki nan,” ya faɗa yana dariya. Ya lashi yatsa, ya ɗauki dami na gaba.

Ta hau sama wurin Darakta. Ya saurare ta idonsa a kan waya, ya ce ta yi wa ma'aikatar hidima, babu mai musun wannan, amma duniya ta ci gaba. Ya ce za su duba. Wanda ya yi shekara talatin a ginin nan ya san “za mu duba” maƙabarta ce, duk maganar da aka kai can ba ta dawowa. Ta sake komawa sau biyu, a na ukun sakatariya ta ce yana taro, alhali ana jin dariyarsa ta ƙofa.

Takardun da injin ya gama da su kuwa, a buhunan siminti aka riƙa cusa su da ƙafa, aka jibge a ɗakin ƙarshen lungu, daidai ƙarƙashin banɗakunan ma'aikata. Kowa a ginin ya san bututun wurin yana yoyo tun zamanin Daraktan da ya gabaci wanda ya gabata. An rubuta takardar ƙorafi a kansa har sau shida, kuma ita ta ɗinke duka shidan da hannunta. Aka kulle ɗakin, aka yanke jan ƙyalle a sama, aka yi tafi, aka ce birni ya shiga zamani. Mai Zare aka matsar da teburinta ƙarƙashin matakala, aka ce ta riƙa miƙa wa baƙi takardun da kwamfuta ta buga musu, tunda saura shekara biyu ta yi ritaya. Ta riƙa zuwa aiki da ɗacin rai. Ba Injiniya ya fi ba ta haushi ba, shi ɗan kwangila ne, ya gama ya kama gabansa. Waɗanda suka yi tafin nan su ne take kallo da ƙyama.

Wata Talata da hantsi wata mace ta sauko matakalar. Malamar makarantar firamare ce, har da farin alli a hannun rigarta. Ta nemi fayil ɗin mahaifinta, tsohon ma'aikacin sashen lafiya. Mai kula da kwamfuta ya buga suna, bai cika minti ɗaya ba ya fitar da takarda yana alfahari da saurinsa. Matar ta karanta a tsaye, sannan ta nemi wuri a matakala ta ƙarshe ta zauna.

Mai Zare ba ta son a zauna mata a hanya. Ta taso za ta yi magana, sai ta ga fuskar matar, ta fasa.

“Lafiya dai, 'yata?”

Malama ta miƙa mata takardar. Wasiƙar kora ce. An sallami mai kula da sito na ƙaramin asibitin birni saboda satar barguna talatin. Ga hatimi, ga sa hannu, ga kwanan wata na shekara talatin da takwas da suka wuce.

“Ina 'yar shekara huɗu lokacin,” in ji Malama. “Har yau a unguwarmu Mai Bargo ake ce masa. Yaran da ke kiran sunan ma ba su san asalinsa ba, sun ɗauka sana'arsa ce. Shi kuma bai taɓa amsawa ba. Inna, tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya rufa da bargo ba, ko da sanyi zai kashe shi. Yanzu ƙodarsa ta gaza, likitoci sun ce mu koma gida da shi. Kullum maganarsa ɗaya, in zo nan. Ya ce an yi masa alkawarin bincike, dole akwai takarda. Na zo in kai masa abin da zai wanke shi, ga shi an ba ni abin da zai ƙarasa shi.” Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, “Ni kaina, Allah ya yafe mini, na fara tunanin ko ya ɗauka ɗin.”

Mai Zare ba ta ji ƙarshen maganar sosai ba. Idonta yana kan gefen takardar, inda hoton ya ɗauko huji uku a jere, tazararsu daidai. Hujinta ne. Kuma ta san takardar nan.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce aka ba ta tsofaffin fayilolin sashen lafiya ta sake musu ɗinki. Ta kifa wannan wasiƙar, ta ga jan rubutu a bayanta: “An sami barguna talatin ɗin a siton asibitin gabas. Direba ne ya sauke su can bisa kuskure. Ba shi da laifi. A mayar da shi bakin aiki, a rubuta masa.” Kwanan watan, mako bakwai bayan korar. Bayan wannan takardar babu wata, ita ce ta ƙarshe a fayil ɗin. Ma'ana babu wanda ya rubuta masa.

Cikin dubban takardun da suka bi ta hannunta, me ya sa ta riƙe wannan? Saboda ta ba ta dariya. Ta ba wa abokan aiki labarin lokacin hutun rana, an kori mutum a kan barguna, barguna kuwa suna can suna barci a wani sito. Ta kai labarin gida, maigidanta ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce direbobi ba a raba su da abin kunya. Sannan ta zura zare, ta ɗaure ƙulli mai kyau, ta mayar da fayil ɗin wurin ajiyarsa. Adireshin mutumin yana shafin farko, ta gani. Ta ce a ranta aikinta ɗinki ne, rubuta wasiƙa na mutanen sama ne.

Ta ce wa Malama, “Akwai rubutu a bayan takardar nan da injin bai ɗauka ba. Kada ki kai masa wannan. Ki dawo jibi.” Ba ta gaya mata sauran ba.

Darakta bai hana ta shiga ɗakin ba. Ya ce dama ranar Alhamis mota za ta zo ta kwashe buhunan a ƙona, in tana sha'awar shara ga ta ga ita. Makullin yana hannun mai share ginin, wanda ya miƙa mata shi da yatsa biyu ya ce, “Inna, ni da aikina ne ma ba na leƙa wurin nan.”

Laraba da safe ta zo da tsohon zane, da takalmin robar maigidanta, da safar hannu ta wanke-wanke, ta ɗaure hanci da hankici. Tana buɗe ƙofar warin ya buge ta har sai da ta dafa bango. Zarni ne da ɗoyin masai da tsamin ruɓaɓɓiyar takarda, sun shekara a rufe suna dahuwa tare. Bututun yana ɗiga daga sama, ɗis, ɗis, wani ruwa mai launin da ba sai an faɗa ba. Ƙasa ta yi santsi. Da ta kunna fitila bango ya motsa, ashe kyankyasai ne. Buhunan sama sun yi baƙar fumfuna, na ƙasa sun fashe, abin da ke cikinsu ya zama caɓi. Ta ɗaga na farko, ɓera ya faɗo mata a kan takalmi da 'ya'yansa jajaye a cikin sheƙar da ya yi da bayanan zaman majalisa. Matar da ba ta yarda a lashi yatsa a gabanta ba, yau ita ce durƙushe tana tura hannu har gwiwa cikin kashin ma'aikatan hukuma.

Babu lamba a kan buhu ko ɗaya, don wa zai sa wa shara lamba? Abu ɗaya ya taimake ta. A shekarar da ta ɗinke fayilolin sashen lafiya farin zare ya ƙare a ofis, ta kawo kore daga gida ta yi aiki da shi. Rezar Injiniya ta datse zaren, amma guntayensa sun maƙale a cikin hujin. Don haka ba rubutu take dubawa ba, koren zare take nema. Ta buɗe buhu, ta tona, ta ture. Sau biyu ta fita ta yi amai a bakin lambatu ta dawo. Tana tonon tana zagi a zuci, ta zagi Darakta da turarensa, ta zagi Injiniya da yatsansa, ta zagi duk wanda ya taɓa shiga banɗakin sama ya ja ruwa. Sunan mutum ɗaya ne ta riƙa tsallakewa a cikin zagin, kuma ta san nata ne.

Bayan azahar, a buhu na goma sha huɗu, can ƙasan jibgin, ta ga kore. Takardun sun manne sun zama kamar tubali ɗaya. Ta ɗauko shi zuwa farfajiyar baya, ta shimfiɗa leda a rana, ta zauna da basillar mahaifinta tana ɓamɓare su shafi-shafi. Wannan kam aikinta ne. Ta wuce takardar ɗaukar aiki, ta wuce ta hutu, ta wuce ta yabo da aka taɓa ba shi saboda tsabtar sito. Ta iso ta ƙarshe.

Fuskar tana nan garau. Bugun tafireta ba ya jin ruwa, kalmar sata tana zaune daram kamar jiya aka buga ta. Ta juya takardar a hankali. Jar tawadar ta narke, ta bazu, ta haɗu da ƙazantar ta zama tabo ɗaya mai faɗin tafin hannu. Abin da ake iya karantawa kalmar “talatin” ce kawai, da rabin kwanan wata.

Ta sa takardar a leda, ta hau sama a haka, da takalmin roba da komai. Sakatariya ta miƙe za ta ce yana taro, warin ya mayar da ita kujera. Mai Zare ta ajiye ledar a kan teburin Darakta, ta ba shi labarin a taƙaice, ta roƙi abu ɗaya: wasiƙa mai hatimin ma'ajiya, da ke cewa an wanke mutumin.

Ya ja kujerarsa baya, ya rufe hanci da gefen riga. “A kan me zan rubuta? A kan tabo?”

“A kan shaidata, ranka ya daɗe. Na karanta da idona. Zan sa hannu, zan rantse.”

“Mama, abin da ba ya cikin kwamfuta ba ya cikin ma'ajiya. In na rubuta wannan, na yarda ke nan akwai abin da muka bari a baya. Kin san takarda nawa ke nan?”

“Na sani. Ni na ɗinke su.”

“To ki rufa mana asiri. Ki ɗauke wannan abin, ki ce wa sakatariya ta buɗe taga.”

Ta tsaya tana dubansa. Ta wuni a cikin masai, amma sai yanzu ta ji ƙyamar da ta fi ƙarfinta. Ɗakin ƙasa ko ba komai ba ya ɓoye warinsa. Ta ɗauki ledarta ta fita, ta bar masa shatin takalmi a kan darduma, kuma ba ta ba da haƙuri ba.

Alhamis Malama ta dawo, daidai lokacin da ake loda buhunan a mota, ma'aikatan sun ɗaure fuska suna tsaki. Mai Zare ta nuna mata tabon, sannan ta karanta mata rubutun da ka, kalma bayan kalma. Malama ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Da ta natsu ta ce, “Inna, ki taimaka ki zo ki faɗa masa da bakinki. Dama idonsa ba ya ganin rubutu yanzu. In ni na faɗa, zai ce lallashinsa nake yi.”

Suka hau bas. Bas ɗin da Mai Zare take hawa kullum ne, hanyar gidanta. Suka sauka a tashar da ke gaban wani kantin magani, wadda take wucewa safe da yamma tana kallonta ta taga. Daga nan zuwa gidan ba a yi tafiyar minti biyar ba.

Ɗakin ƙarami ne, a share tas. Tsohon yana kwance a kan gado, ƙafafunsa sun kumbura, an rufa masa zannuwa biyu marasa kauri. A kan ɗan teburin gefensa an jera kwalaben magani daga babba zuwa ƙarami, rubutunsu duk yana fuskantar gaba, ka san hannun mai sito ne ya saba wa gidan da haka. Mai Zare ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, ta gaya masa inda take aiki. Ya yunƙura, 'yarsa ta tallafe shi da matashi.

“An samu?” ya tambaya.

“An samu, Baba. Ruwa ya ɓata rubutun, amma na karanta shi, kuma na riƙe shi.”

“Faɗi in ji.”

Ta faɗa masa. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Da ta zo kan “ba shi da laifi” ya ɗaga hannu ta dakata, ya riƙe kalmar a bakinsa yana motsa leɓe.

“Direba,” ya ce, da 'yar dariya mai rauni. “Sai da na ce musu su tambayi direba. Wa ya sa hannu?”

Ta kwatanta masa sa hannun, dogon layi mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya.

“Shugaban sashe ne, mai tabarau. Ashe ya yi gaskiya.” Hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne, bai share ba. Ya juya wajen 'yarsa. “Kin ji ko?”

“Na ji, Baba.”

“Ki gaya wa ƙannenki. Ki gaya wa yara.”

Mai Zare ta ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjinta. Har ta fara haɗa kalmomin sallama. Sai tsohon ya sake juyowa gare ta, ba da tuhuma ba, irin tambayar mutumin da ya saba tabbatar da kaya kafin ya rufe sito.

“Baiwar Allah, kin ce ruwa ya ɓata rubutun. To ke yaushe kika karanta shi?”

Ƙarya tana nan kusa, a shirye. In ta ce bara, lokacin da ake yanka fayiloli, babu mai ƙaryata ta a duniya. Ita takardar ma tana cikin jakarta, ta zama tabo. Ta buɗe baki, ta ji ba za ta iya haɗiye wannan a kan abin da ta haɗiya jiya ba.

“Shekara ashirin da biyu ke nan, Baba.”

Malama ta ɗago kai.  Yatsun tsohon suna motsi a kan zanen, yana lissafi.

“Ashirin da biyu,” ya ce a hankali. “Da uwar yarinyar nan ta ji. Bana shekararta tara da rasuwa. Ita ta sha sunan, ba ni ba. Ni ina iya zama a ɗaki, ita ce mai zuwa famfo, ita ce mai zuwa kasuwa. Ba ta taɓa tambayata ko na ɗauka ba, ko sau ɗaya. Na so a ce ta tambaya, ga amsa a hannuna.”

Mai Zare ta so ya zage ta, da ta sami abin riƙewa. Bai zage ta ba. Ya rufe ido, ya gyara kwanciya, ya ce wa 'yarsa, “Ba wa baƙuwa ruwa, ta sha hanya.”

Malama ta fita ta dawo da kofi. Ba ta miƙa mata a hannu ba, ta ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarta, ta koma gefen mahaifinta ta zauna.